Daga Sabo Zuwa Kano A Kan Tsohuwar Ƙofa

  Ina gaida mutanen Sabo da Mokola, da na Bodija, da na Ojoo, da duk inda muryata ta iske ku a garin Ibadan. Shirinmu na yau na iyaye ne da yara. Na malaman makaranta ne, har da kafintoci. Zancen jirgin ƙasa za mu yi, amma ɗan ƙarami, na wasa, wanda ake shimfiɗa wa layi a kan tebur ko a tsakar ɗaki.

Kada wani ya ji an ce wasa ya murɗa rediyonsa. A ƙasashe da dama dattawa ne masu furfura suke wannan harka, kuma akwai ilimi a cikinta. Ku ba ni aron kunnuwanku.

Ga abin da yakan faru. Sallah ta zo, Baba ya shiga kasuwar Dugbe, ya sayo wa yaro jirgin batir a kwali. An haɗa layin, ya yi da'ira. An kunna. Jirgi ya zaga, yara sun yi ihu. Ya sake zagawa. Ya kuma zagawa. Kafin Inna ta sauke tukunya, kowa ya watse. Bayan kwana biyu jirgin yana ƙarƙashin gado. Ka tambayi yaron, ya ce ai layin ya yi kaɗan, a ƙaro masa. To ina za a sa? Mun san ɗakunanmu a nan Sabo. Ga gado, ga akwati, ga tabarma, da ƙyar ake samun wurin salla.

Maganata ta yau ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta. Jirgin nan ya gundure ne saboda ba shi da wurin zuwa. Ba ya ɗauke da komai, babu mai jiransa, babu lokacin da zai makara. Ka ba shi kaya, ka ba shi gari, ka ba shi lokaci, sai ka ga ɗan katakon da ka shimfiɗa layin a kai ya buɗe.

Mu fara da kashi na farko. Ɗan lissafi ne, ba mai wuya ba.

Masu ƙera irin waɗannan jirage suna da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ake kira HO. Abin da ake nufi shi ne, an rage girman jirgin gaske sau 87. Tsawon tarago, faɗin layi, tsayin mutum, duk a raba da 87. To a wannan ma'auni, kilomita ɗaya ta gaske tana cin mita goma sha ɗaya da rabi. Kilomita ɗaya tak! Tsohon layin dogo daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,100. In kana son ka shimfiɗa shi duka a ma'aunin nan, sai ka nemi fili mai tsawon kusan kilomita 13. Tsohuwar ƙofar ɗaki kuwa, in ka kwantar da ita ka yi layi a kai, mita biyu ce. Wato mita 174 a ƙasa. Ko tashar Dugbe ba za ta shiga ba.

A birnin Hambug na ƙasar Jamus akwai wani katafaren gida da aka buɗe a 2001, cike da ƙananan jirage, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Su ma ba su shimfiɗa duniya duka ba, gutsure-gutsure suka ɗauko. Saboda haka mai ɗaki ɗaya da mai bene duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wuri ba zai taɓa isa ba. Kada ka ɓata kuɗinka wajen ƙara layi.

Yanzu kashi na biyu. Nan nake so ku natsu, domin abin a gidanmu yake.

Ku dubi Sabo. Yaro mai ƙafa zai zaga unguwar nan kafin shayinsa ya huce. Amma wa ya taɓa zama a Sabo ya ji kamar yana ƙaramin wuri? Babu. Me ya sa? Saboda kullum wani abu yana shigowa daga nesa, wani yana fita zuwa nesa.

Haka aka kafa ta. An fara aikin layin dogo daga Legas a 1896. Ya iso Ibadan a 1901. Jirgi ya shiga Kano a 1911. A Jebba kuwa, sai da aka yi shekaru ana tsallakar da taragu a kan jirgin ruwa, kafin a gama gadar kogin Kwara a 1916. A wannan shekarar ce, 1916, aka kafa unguwar Sabo. Kakanninmu sun zauna a tsakiyar hanya. Shanu na gangarowa daga Arewa, wasu a ƙafa, wasu a tarago. Goro na haurawa daga ƙasar Yarabawa, daga su Shagamu da Agege, a naɗe cikin ganye, huhu-huhu. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi sukutum a kan mutanen Sabo da wannan fatauci na shanu da goro, aka buga a 1969.

Maigidan da ke zaune a zaurensa a Sabo ba ya ganin Kano. Bai taɓa buƙatar ganinta ba. Ya ga baƙo ya sauka da ƙura a ƙafa, ya ga huhun goro ya fita, ya ji an ce kaya sun isa. Kano tana cikin lissafinsa kullum, ko da yake idonsa bai wuce bakin titi ba.

To haka za ka yi wa katakonka. Ka ware wani gefe ka ɓoye shi. Kwalin taliya ya isa. Ka yanka masa ƙofa, ka zana masa gini ko dutse a gaba, layi ya shige bayansa. Bayan kwalin nan, sunansa Arewa. In jirgi ya shige can, ya tafi Kano ke nan. Ya bi Oshogbo, ya bi Offa da Ilorin, ya haye Jebba, ya wuce Minna, Kaduna, Zariya. Ba ka gina ko ɗaya daga cikinsu ba. Ɗaya gefen kuma ka sa wani kwalin, ka ce Legas. Abin da ya rage a tsakiya, wanda ido ke gani, ita ce tasharka. Tasha ɗaya ta ishe ka.

A bayan kwalin an yarda ka sa hannu. Ka cire wannan tarago, ka sa wancan, ka juya kan jirgi. Sai ya fito a matsayin wani jirgin daban, mai kaya daban. Amma a fili, inda ake gani, hannu ba ya ɗaga tarago. Wannan doka ce. In ka karya ta, wasan ya mutu.

Na sake faɗa: tasha ɗaya a fili, sauran duniya a bayan kwali.

Mu shiga kashi na uku, wanda ni a ganina shi ne zuciyar abin. Takardar kaya.

'Yan kasuwa sun san ta, ita suke ce wa webil. Takarda ce da ke faɗin mene ne a ciki, daga ina, zuwa ina. Jirgin gaske ba ya jan tarago don sha'awa. Kowane tarago da takardarsa. To kai ma ka yi haka. Ka ba kowane tarago lamba. Ka yanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana, kowane tarago da katinsa.

Kafin nan, ka sa wa wuraren da ke tasharka suna. Ɗan layin da ya ratse ta dama, ka ce nan ne sito na goro. Na hagu, nan ne kara, inda ake sauke shanu. Wani ɗan gutsure can ƙarshe, nan ake sauke buhuna.

Bari mu bi tarago ɗaya mu gani. Tarago mai lamba 4. Katinsa ya ce: fanko ne, a kai shi sito. Aka kai. Washegari, wato zagaye na gaba, ka juya katin. Yanzu ya ce: goro huhu ashirin, zuwa Kano. Dole jirgin Arewa ya tsaya, ya ja baya, ya shiga layin sito ya ɗauko shi. Ya ɓace a bayan kwali. Ka sake kati. Lamba 4 ya dawo da wake da albasa, a kai shi wajen buhuna. Aka sauke, ya koma fanko, yana jiran wani aikin. Tarago ɗaya ke nan, ya yi tafiya uku, kowace da dalilinta. In kana da shida fa?

Ga inda daɗin yake. Jirgi ya iso daga Nguru da taragon shanu. Duk ɗan Sabo ya san shanu ba sa jira. Sun kwana a tsaye, ƙishirwa ta kama su, in aka yi wasa wata za ta faɗi. Dole a fara da su. Amma ga shi taragon shanun yana can tsakiya, buhunan gero sun tare shi gaba da baya. Layin kara kuma akwai fanko a kai tun jiya, ba a janye ba. Can sito mai goro yana ta kai da kawowa, don goro in ya sha zafi ya lalace, asara ta hau. Jirgin fasinja na Legas saura kaɗan ya shigo, kuma babban layi yake so. To malam shugaban tasha, wanne za ka fara?

Kun ji? Ba mu ƙara ko taƙi ɗaya na layi ba. Amma yaron da ɗazu ya gaji cikin minti goma, yanzu ya dafe haɓa yana tunani. Ƙanwarsa tana cewa a'a, fara janye fankon. Wansa yana cewa ba haka ba. Rabin awa ta wuce ba su sani ba.

Wannan tunani ya daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Frank Ellison, mutumin birnin New Orleans, ya yi jerin rubuce-rubuce a kansa a mujallar Model Railroader a 1944. Shi mutumin dandalin wasan kwaikwayo ne a da. Ya ɗauki katakon a matsayin dandali, jirage su ne 'yan wasa, jadawalin tafiya shi ne labarin. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kuma mu a nan ba sai mun ƙago labari ba. Ku je wajen tsofaffin unguwa. Ku tambaye su me jirgi ke kawowa a da, me yake tafiya da shi, wa ke dako, wa ke dillanci. Abin da suka faɗa muku shi za ku rubuta a katin. Ina roƙon yara su yi wannan tun tsofaffin nan suna raye. Allah Ya ƙara musu lafiya.

Kashi na huɗu gajere ne. Lokaci da nisa.

Jirgi ba shi da daraja in ba zai iya makara ba. Saboda haka ka rubuta jadawali a takarda, ka manna a bango. Ƙarfe bakwai, fasinja daga Legas. Ƙarfe tara, jirgin kaya daga Arewa. Ƙarfe biyu, jirgin goro ya tashi. Za ka ce wa zai zauna tun safe har azahar? Ga dabara. Ka ɗauko agogon bango. Ka manta da gajeren hannu, dogon kawai za ka duba. In dogon hannu yana kan bakwai, ƙarfe bakwai ke nan a tasharka. In ya kai takwas, ƙarfe takwas ta yi. Kowane minti biyar ya zama awa guda. Awa ɗaya ta gaske ta ba ka yini cur. Ana iya farawa bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba.

Wanda layinsa da'ira ce, kada ya ce an bar shi a baya. Ka ƙidaya zagaye. Uku daga Ibadan zuwa Oshogbo. Biyu zuwa Offa. In jirgi ya tsaya, ka cire allon sunan tasha ka sa na gaba. Tashar ɗaya ce, sunan ne ke sauyawa. Yaron da ya yi wannan sau biyar ya haddace garuruwan da ke tsakanin nan da Kano a jere, ba bulala, ba tsawa.

Akwai kuma wata doka mai kyau da aka daɗe ana bi a Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta. Inda layi ɗaya ne, jirgi biyu ba sa gilma wa juna sai a tasha. To don kada su yi karo, direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa wata sanda ko alama ta ƙarfe. Babu sanda, babu tafiya. Ku ma ku samo tsinke ɗaya ko murfin biro. Wanda yake riƙe da shi, shi ke da hanya. Rigimar "ni zan fara" ta ƙare.

A raba aiki. Wannan direba, wannan shugaban tasha, wannan mai rubuta takardar kaya, wannan mai kula da agogo. Kuma don Allah kada a ture 'yan mata gefe. Yarinyar da ke taya Inna lissafin cinikin abinci ta fi kowa iya riƙe takardar kaya.

Yanzu kashi na biyar, kuma na ƙarshe. Wannan na wanda ya ce, Malam, ni ko jirgin batir ɗin ba ni da kuɗinsa. Na ji ka, kuma ban manta da kai ba. Kayan HO na gaske daga waje ake kawo su, suna da tsada, ba zan ce wa mai neman na abinci ya saya ba. Amma mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta gwangwani, wa zai koya mana yin abin wasa?

Ka tara kwalin ashana tara. Takwas taragu ne, ɗaya kan jirgi. Ka lanƙwasa waya ka yi wa kowanne ƙugiya gaba da baya. Ka rubuta musu lamba ɗaya zuwa takwas. Ka ɗauki alli ka zana layi a siminti, ko a kan tsohuwar ƙofa. Ku saurara da kyau, ga yadda zanen yake. Layi ɗaya ne ya taho, sai ya rabu gida uku, kamar yatsu. Na farko yana ɗaukar tarago biyar. Na biyu uku. Na uku ma uku. Shi kuma layin da suka fito daga cikinsa, tsawonsa kan jirgi da tarago uku kawai. Ba ƙari. Biyar, uku, uku. Ku riƙe wannan.

Ka watsa taragun takwas a layukan yadda ka ga dama. Ka rubuta lambobin a 'yan takardu, ka zuba a hula, ka girgiza. A zaro biyar, ɗaya bayan ɗaya. A ce an zaro 6, 2, 8, 1, 5. Aikinka shi ne ka jera waɗannan biyar a dogon layin, daidai yadda suka fito. Kan jirgi kaɗai kake taɓawa. Ka tura, ka ja. Ba ɗagawa, ba tsallakewa, kuma ba ka jan fiye da uku a lokaci guda, don wurin ba zai ɗauka ba.

Wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, shi ya shahara da wannan wasa a ƙarshen shekarun 1970. Ya kira shi Inglenook. Katakonsa ƙafa huɗu ne a tsawo, ƙafa ɗaya a faɗi. Ko bencin mai shayi ya fi shi. Amma ku yi lissafi da ni. Na farko, kana da zaɓi takwas. Na biyu bakwai. Sai shida, sai biyar, sai huɗu. Ka ninka su duka, ka samu 6,720. Jeri dubu shida da ɗari bakwai da ashirin, daga kwalin ashana takwas! In kana warware ɗaya kullum, sai ka haura shekara 18 ba ka gama ba.

Malaman firamare da na Islamiyya, wannan naku ne. Ba ya son wuta, ba ya son batir, ba ya son data. Yana koya wa yaro ya hango mataki uku kafin ya motsa hannu. Yana koya masa haƙuri, don wanda ya yi gaggawa shi ke toshe wa kansa hanya. Ni ina ganin yaron da ya saba da wannan, ko shago aka ba shi gobe, zai san abin da ake fara fitarwa da abin da ake turawa ciki. In an gwanance, sai a haɗa shi da takardar kaya. Lamba 6 shanu ne, lamba 2 goro, lamba 8 gishiri. Sai a sa agogo.

Gargaɗi ɗaya kafin lokaci ya ƙure mana, kuma da gaske nake. Yaro in ya kamu da son jirgi, zai so ya ga na gaske. To a kai shi, amma babba ya riƙe hannunsa. A watan Yuni na 2021 aka ƙaddamar da sabon jirgin Legas, wanda yake tashi daga tashar Obafemi Awolowo da ke Moniya. Wanda ya samu hali ya je da yaransa, su tsaya inda aka yarda a tsaya. Su kalli yadda ake shiga, yadda ake ba da hanya, yadda ake kiyaye lokaci. Amma kada yaro ya hau kan layin dogo, tsoho ko sabo, ko da ya ga ciyawa ta rufe shi. Kada ya ɗora dutse ko ƙusa a kai. Jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota, ko direba ya gan ka.

Ga aikin gida na wannan mako. Yara, ku fara tara kwalin ashana, ku tabbata babu ashana a ciki. Iyaye, a ba su alli da ɗan gefen tsakar gida. A zana biyar, uku, uku. A yanka kati takwas, a je wajen Kaka ko wani dattijo a unguwa, ya faɗi abin da za a rubuta a kowanne. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake yi wa tarago ƙafa da murfin kwalba, da yadda kafinta zai fitar da layi a jikin katako don kada taragu su riƙa zamewa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.